Mahaya Dawakin Ostareliya da Lambar Bajinta Guda Ɗaya

A duk tsawon Yaƙin Duniya na Farko, mutum ɗaya tak daga cikin sojojin doki na Ostareliya ya sami Victoria Cross, lambar bajinta mafi daraja a daular Birtaniya. Shi ma ɗin a ƙasa ya same ta, cikin ramin yaƙi, dokinsa na can Masar.

Aikin waɗannan dakaru ya bambanta da na barade masu kai hari da takobi. Doki abin hawa ne kawai: idan sun isa fagen fama sai su sauka su yi faɗa da bindiga, ɗaya cikin kowane mutum huɗu ya riƙe linzaman dawakin. A shekarar 1915 aka kai su Galifoli a ƙasar Turkiyya a matsayin sojojin ƙasa. Ranar 7 ga Agusta, a wani siririn tudu da ake kira Nek, aka tura kimanin mutum 600 sahu-sahu cikin ruwan harsasan Turkawa. 234 suka mutu ba tare da an ci ko taƙi ɗaya na ƙasa ba. Cikin waɗanda suka tsira akwai Laftana Hugo Throssell. Bayan mako uku, a Tudu na 60, ya kwana yana musayar gurneti da abokan gaba. An yi masa raunuka, ya ƙi barin wurin. Da aka ɗaure masa su ma sai ya koma, har likita ya tilasta masa janyewa. Wannan dare ne ya jawo masa lambar.

Ranar da ta fi shahara a tarihinsu kuwa ita ce 31 ga Oktoba 1917, a Bi'ir Saba da ke kudancin Falasɗinu. Abin da ake nema a garin ruwa ne, domin dawakai sun jima ba su sha ba, kuma idan dare ya yi Turkawa za su iya tarwatsa rijiyoyin. Da la'asar sakaliya Janar Harry Chauvel ya ba da umarni, mahaya kimanin 800 suka yi sukuwa a fili fetal, kowa riƙe da wuƙar bakin bindiga a hannu saboda ba su da takuba. Suka tsallake ramukan Turkawa suka shiga gari, aka sami yawancin rijiyoyin lafiya. Mutum 31 suka rasa. An raba lambobi masu ƙaramar daraja ga hafsoshi da ƙananan sojoji, amma babu wanda aka ba babbar. Akwai dai mai ita a fagen: Leslie Maygar, wanda ya same ta tun 1901 a yaƙin Afirka ta Kudu. Bom daga jirgin sama ya same shi a ranar, washegari ya cika.

Jerin lambobi bai cika faɗin duk abin da runduna ta aikata ba, mai kyau ko mummuna. A watan Disamba 1918, bayan an tsagaita wuta, wani ɓarawo ya kashe sojan Niyu Zilan a kusa da ƙauyen Sarafand. Sojojin sansanin, har da 'yan Ostareliya, suka afka wa ƙauyen suka ƙone shi, suka kashe Larabawa maza kimanin 40. Ba a hukunta kowa ba, don babu wanda ya yarda ya ba da shaida. Janar Allenby ya tara rundunar ya yi mata kaca-kaca a bainar jama'a.

Throssell ya koma gida jarumi, amma ya baro ɗan'uwansa a kabari, wanda aka kashe a Gaza a 1917. A bikin zaman lafiya na 1919 a garinsu Northam ya shaida wa jama'a cewa yaƙi ya mai da shi ɗan gurguzu, abin da ya sa da yawa suka juya masa baya. Bashi ya yi masa katutu a shekarun karayar tattalin arziki, kuma a watan Nuwamba 1933 ya harbe kansa.