Ziyararmu a Kufan Kanawa



A hutun lakwal da ya wuce mun kwashi yara muka tafi Kufan Kanawa, a ƙasar Damagaram. Wanda ya je da tsammanin ganin soraye, da haushi zai komo. Gonaki ne, sai sawun ganuwa da ta kwanta, ta kewaye fili mai faɗin gaske. Amma in mutum ya duƙa, ƙasa cike take da tsingaro, wasu da zane kamar na igiya da aka mirgina bisa ɗanyen yumɓu. Yara suka cika aljihu, muka sa kowa ya mayar inda ya ɗauka.

Tsofaffi sun ce daga nan mutane suka tashi suka kafa Kano, shi ne asalin sunan. Wajen shekarar 2000 wata Baturiya mai binciken kufai, Anne Haour, ta yi tono a wurin. Awon da aka yi ya nuna an zauna nan tsakanin 1300 da 1650. To, ga inda gizo ke saƙa: littafin Tarihin Kano ya sa sarautar Bagauda a 999, kuma tun kafin shi ana narka tama a Dutsen Dala. Ke nan Kano ta girmi abin da aka tono. Ba mu ce tsofaffi sun yi ƙarya ba. A ganinmu, mutanen nan sun yi ƙaura kudu ne suka tarar da birni a tsaye, suka saje da shi, kamar yadda wasunku suka je ci-rani suka zama Kanawa.

Kan hanyar komowa mun tsaya Tirmini, inda sojan Faransa suka ci rundunar Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga a watan Yuli na 1899. Wannan labari yara sun san shi, yana cikin littafin lakwal. Na kufai kuwa, ko ɗayansu bai taɓa ji ba.

Kowace damina garma na ƙara cin ganuwar, masu labarin kuma suna ta raguwa. Don haka duk dattijon da ya ji wani abu daga bakin kakanninsa, ya aiko a kira mu. Za mu zo da takarda da alƙalami, mu rubuta da sunansa.