Ranavalona ta Uku: Yadda Aka Cinye Sarautar Madagaska a Kan Takarda

A watan Agustan 2025 gwamnatin Faransa ta miƙa wa Madagaska ƙoƙon kawunan mutum uku na ƙabilar Sakalava, waɗanda suka shafe fiye da ƙarni guda a ajiye a wani gidan adana kayan tarihi na Paris. Ana kyautata zaton ɗaya daga cikinsu na Sarki Toera ne, wanda sojojin Faransa suka kashe a 1897. Shekaru biyar kafin nan, a Nuwamban 2020, an mayar da kambin da ke saman rumfar da sarauniyar ƙasar ta ƙarshe ke tsayawa ƙarƙashinta in za ta yi wa jama'a jawabi, amma da sunan ajiya aka mayar da shi, abin da ya ɓata wa mutane da yawa rai. Duk lokacin da irin wannan ta taso, tsohuwar muhawara kan dawo: yaya aka yi ƙasar da ke da firaminista, da sojoji, da makarantu, da jakadu, ta faɗa hannun Turawa? Laifin wa? Sau da yawa yatsa kan nuna mace guda, Ranavalona ta Uku. Ni kuwa ina ganin an zalunce ta a wannan hukunci.

Asalin masarautar ba sai an daɗe a kansa ba. Kakannin mutanen tsibirin Madagaska sun zo ne ta teku, wasu daga tsibiran da yau ake kira Indunusiya, wasu daga gabar Afirka ta gabas. A kan tuddan tsakiya, inda ake noman shinkafa, ƙabilar Merina ta kafa ƙananan sarautu masu yaƙi da juna, har Andrianampoinimerina ya haɗa kansu a ƙarshen ƙarni na 18. Ɗansa Radama na Ɗaya, wanda ya hau gado a 1810, ya ƙulla yarjejeniya da Ingila a 1817. Ingilishi suka ba shi bindigogi da masu horar da soja, suka kira shi sarkin Madagaska baki ɗaya, ko da yake akwai yankunan kudu da yamma da ba su taɓa miƙa masa wuya ba. 'Yan mishan na Landan suka biyo baya da makarantu da injin buga littattafai. Tun daga nan fadar Antananarivo ta saba da tunanin cewa tana da babbar aminiya a Turai. Wannan tunani shi ne ya ci ta daga baya.

Bayan Radama, Ranavalona ta Ɗaya ta kori 'yan mishan, ta yi mulki da ƙarfe na shekara 33. Ɗanta Radama na Biyu ya buɗe wa Faransawa ƙofa fiye da kima, manyan fada suka kawar da shi a 1863. Daga 1864 mulki na haƙiƙa ya koma hannun mutum guda, Firaminista Rainilaiarivony, wanda ba jinin sarauta ba ne. Dabararsa ita ce ya auri duk sarauniyar da ta hau gado. Ya auri Rasoherina, ya auri Ranavalona ta Biyu wadda ta karɓi addinin Kirista a 1869 ta sa aka ƙone gumakan fada, sannan da ta rasu a Yulin 1883 ya zaɓi wata matashiyar gimbiya mai suna Razafindrahety.

An haife ta ranar 22 ga Nuwamba, 1861. Ta yi karatu a makarantun mishan, kuma mijinta na fari, Ratrimo, ya rasu watanni kaɗan kafin a ɗauko ta. An naɗa ta a filin Mahamasina ranar da ta cika shekara 22, aka ba ta suna Ranavalona ta Uku, aka aurar da ita ga firaministan da ya girme ta da fiye da shekara 30. Aikinta shi ne jagorantar bukukuwa, musamman wankan sarauta na shekara-shekara da ake kira fandroana, da yin jawabi a taron kabary, da sa hannu a abin da aka kawo mata. Baitulmali da soja da hulɗa da ƙasashen waje duk suna wurin mijinta. Wanda ke cewa rauninta ne ya kayar da ƙasa sai ya fara nuna mana wace shawara ce ta yanke wadda ta jawo faɗuwar.

Ta ma iske wuta na ci. Tun watan Mayun 1883 jiragen ruwan Faransa suka fara ruwan igwa a Mahajanga, a Yuni suka kama Toamasina, babbar tashar jiragen ruwa ta gabas. Hujjarsu ita ce wai sarakunan Sakalava na arewa maso yamma sun daɗe da neman kariyarsu, da kuma rigimar gadon dukiyar wani Bafaranshe, Jean Laborde. Yaƙin ya ja har shekara biyu da rabi, kuma Faransa ba ta yi nasara a fagen fama ba. A Farafaty, kusa da Toamasina, sojojin Madagaska ƙarƙashin Rainandriamampandry sun mayar da harin Faransawa baya a Satumban 1885. Wannan kaɗai ya isa ya sa a yi hattara da bayani na biyu, mai cewa ai bindigar Bature ce ta fi ƙarfi, shi ke nan.

Abin da Faransa ta kasa samu da igwa ta same shi a yarjejeniyar Disamban 1885. An ba ta mashigin Diego Suarez a arewa, an yarda ta ajiye wakili a Antananarivo wanda zai kula da harkokin waje, kuma an ɗora wa Madagaska diyyar faran miliyan 10. Ƙasar ba ta da kuɗin. Sai ta ci bashin faran miliyan 15 daga wani bankin Paris, ta jinginar da kuɗin kwastan na manyan tashoshinta. Wato Faransa ta ci tara, Faransa ta ba da rancen biyan tarar, Faransa ta zauna a bakin teku tana karɓar haraji. Duk wanda ya ga yadda ƙasashen Afirka na yau ke kashe kaso mai tsoka na kuɗin shigarsu wajen biyan kuɗin ruwa ba zai ji wannan labari baƙo ba.

Duk da haka firaminista ya ci gaba da ja, yana musanta cewa ƙasarsa na ƙarƙashin kowa, domin yana ganin Ingila ba za ta bari a haɗiye ƙasar da 'yan mishan ɗinta suka cika da coci-coci da makarantu ba. An kuma nemi Amurka; a 1886 sarauniya ta aika wa Shugaba Grover Cleveland kyaututtukan da suka haɗa da tufafin siliki. Babu abin da ya biyo baya. Sai ranar 5 ga Agusta, 1890, a Landan, Ingila da Faransa suka sa hannu a wata gajeruwar takarda. Faransa ta amince Ingila ta riƙe Zanzibar, Ingila ta amince Faransa ta riƙe Madagaska. Ba a tambayi ko mutum ɗaya daga tsibirin ba. A ganina, a wannan rana ce sarautar ta faɗi. Shekaru bakwai da suka biyo baya aiwatar da hukunci ne kawai.

Takardar nan ta shafe mu kai tsaye. A cikinta ne aka ja layi daga Sayi a bakin kogin Kwara zuwa Baruwa a gaɓar tafkin Cadi, aka ce arewa da layin rabon Faransa ne, kudu kuma, har da duk abin da ke ƙarƙashin Daular Sakkwato, rabon wani kamfanin Ingila ne. An yi wa layin gyare-gyare daga baya, amma shi ne mafarin iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi, ta raba Daura da Damagaram. Alƙalamin da ya sallama Ranavalona shi ne ya tsaga ƙasar Hausa biyu, a zama ɗaya.

Da hanya ta buɗe, Faransa ta kawo wa'adi a ƙarshen 1894, aka ƙi. A 1895 Janar Duchesne ya sauka a Mahajanga da sojoji kusan 15,000, cikinsu har da wata bataliya da aka ɗebo daga Dahomey mai suna bataliyar Hausawa. Shugabannin Merina sun daɗe suna ƙin gina hanya daga teku zuwa babban birni, suna dogara da daji da zazzaɓi su tsare su. Zazzaɓin kuwa ya yi aikinsa: sojojin mamaya fiye da 5,000 cuta ta kashe, yayin da waɗanda suka mutu a bakin daga ba su wuce 'yan gommai ba. Da Duchesne ya ga rundunarsa na narkewa, sai ya ware mutum kusan 4,000 suka yi sammakon tudu. Ranar 30 ga Satumba, 1895, harsasan igwa suka faɗa harabar fada, aka ɗaga farar tuta.

A nan ne masu bayani na uku ke da magana mai nauyi. Suna cewa masarautar ta ruɓe ne daga ciki. Aikin tilas da ake kira fanompoana ya cinye ƙarfin talakawa, musamman bayan da gwamnati ta matsa a haƙo zinariya don biyan bashi. Manoma sun gudu daji, sojoji ba albashi, bayi sun kai ɗaruruwan dubbai, kuma ƙabilun bakin teku na kallon Merina a matsayin 'yan mamaya. Gaskiya ne, kuma shi ya sa rundunar da zazzaɓi ya kusa gamawa da ita ta iya shiga birni ba tare da gagarumin yaƙi ba. Amma a duba tsarin abubuwan. Matsin ya tsananta ne bayan diyyar 1885, kuma Faransa ba ta kuskura ta hau tudu ba sai da Ingila ta janye hannu. Ruɓewar cikin gida ta sauƙaƙa faɗuwar, cinikin Landan ne ya ba da izininta.

Talakawan da aka ce sun gaji da sarauta su ne kuma suka tashi bayan manya sun miƙa wuya. 'Yan tawayen Menalamba, masu jajayen mayafai, sun far wa Turawa da coci-coci da jami'an da suka haɗa kai da baƙi, da yawansu suna cewa don sarauniya suke yaƙi, alhali ita an tilasta mata sa hannu a takardun la'antarsu. Faransa ta mayar da tsibirin mallakarta ranar 6 ga Agusta, 1896, ta soke bauta a watan Satumba, ta turo Janar Gallieni, wanda ya koyi sana'arsa a Afirka ta Yamma wajen mu'amala da Amadu na Segu. Cikin makonni ya sa aka harbe kawun sarauniya, Ratsimamanga, da Rainandriamampandry gwarzon Farafaty, bayan shari'ar je-ka-na-yi-ka. Tsohon firaminista ya riga ya mutu a zaman gudun dole a Aljeriya.

A daren 27 ga Fabrairu, 1897, aka kawo wa Ranavalona takardar tuɓe ta. Kafin gari ya waye an ɗauke ta a kan kujerar kafaɗa zuwa Toamasina, daga nan jirgi ya kai ta tsibirin Reunion. Gallieni bai tsaya nan ba. Ya sa aka tono gawawwakin sarakuna daga garin Ambohimanga mai alfarma aka kai su Antananarivo, don kada mutane su sami wurin taruwa. A 1899 aka mayar da ita birnin Aljiyas, inda ta zauna da gwaggonta Ramasindrazana da wata ƙaramar yarinya 'yar danginta, Marie-Louise, wadda mahaifiyarta ta rasu bayan haihuwarta a Reunion. Ta ziyarci Paris a 1901, jaridu suka yi ta rubutu kan suturarta. Ta roƙi a bar ta ta je gida, aka hana. Ta rasu ranar 23 ga Mayu, 1917, tana da shekara 55, kuma sai a 1938 aka mayar da ƙasusuwanta Antananarivo. Haka aka yi wa Behanzin na Dahomey, wanda shi ma a Aljeriya ya ƙare, haka Ingilishi suka yi wa Sarkin Kano Alu a Lakwaja.

Ba na cewa Ranavalona jaruma ce da ta ja runduna, ba ta samu wannan dama ba. Amma idan ana neman masu laifi, akwai su da sunayensu: gwamnatocin Turai biyu da suka yi musayar ƙasashen mutane, da firaministan da ya shekara 31 yana rawa da bazar Ingila, yana matse talakawan da su kaɗai ne za su iya kare shi. Gwamnatin da ta fi amincewa da aminin waje a kan mutanenta takan gano, a makare, cewa aminin yana da nasa cinikin. Shugabannin Afirka da ke sauya uban gida daga wannan babbar ƙasa zuwa waccan, suna kiran hakan 'yanci, ya kamata su nemi takardar 1890 su karanta.