Ganyen Katagum da Ke Ajiye a Landan

Tarihinmu na wannan mako daga fadamar kogin Jama’are ya fito.

A farkon mulkin Turawa an yi wani likita ɗan Sikotlan mai suna John McEwen Dalziel, wanda ya yi aiki a Afirka ta Yamma daga 1905 zuwa 1922. Cikin wuraren da ya tattara tsirrai har da ƙasar Katagum. Yakan tsinko reshe da ganyensa da furensa, ya danne shi tsakanin takardu har ya bushe, ya rubuta inda ya samo shi da ranar. Irin waɗannan busassun ganyaye suna nan a ma’ajiyar tsirrai ta lambun Kew da ke Landan, masana na duba su har yau.

Bai tsaya kan ganye ba, yakan tambayi suna da amfani. A 1916 ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, kowanne haɗe da sunansa na kimiyya. A 1937 kuma littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma ya fito. Hano, wanda wasu ke ce wa ararraɓi, da sunansa masana suka raɗa masa Boswellia dalzielii.

To, wa ya gaya masa waɗannan sunaye? Manoma ne da makiyaya da masu magani, irin mutanen da suka san giyayya a fadama take, sabara kuma a jigawa. Iliminsu ya shiga littafi, amma duniya sunan likitan ta riƙe.

Yanzu mu dubi kanmu. Sau nawa muke rubuta “ta zauna a gindin wata bishiya”? Wace bishiya? Kanya ce ko ɗinya? Idan baƙo ya ga darajar rubuta sunayen nan shekara fiye da ɗari da suka wuce, mu da muka gaje su ba mu da uzuri. Dajin yana ƙarewa a murhu, tsofaffin da suka san shi suna tafiya.

Aikinmu na wannan mako: kowa ya zauna da wani dattijo ko wata tsohuwa, ya samo sunan tsiron daji biyar, da inda suke fitowa, da abin da ake yi da su. Ya rubuta sunan wanda ya gaya masa. Allah Ya ba mu sa’a.