Rikicin Saipan: kyaftin ɗin da ya koma gida kafin a busa usur

Maƙalar wannan makon ta samo asali ne daga wata gardama da na tarar a gidan kallon ƙwallo a Tambuwal. Wani direba mai bin hanyar Kebbe ya ce Roy Keane butulu ne, ya juya wa ƙasarsa baya ranar buƙata. Wani malamin makaranta ya ce sam, gaskiya ya faɗa aka kore shi. Tun 2002 abin ya faru, amma ko a ƙasarsa Ayilan, maƙwabciyar Birtaniya, har yau ba a raba gardamar ba.

A lokacin, Keane ne kyaftin ɗin Manchester United da na ƙasarsa. Da shi aka doke Holan 1-0 a Dublin ranar 1 ga Satumba 2001, sannan suka fitar da Iran a wasan cike gurbi, suka samu shiga gasar cin kofin duniya ta Koriya da Japan. Wasa na biyu, wanda aka yi a Tehran, Keane bai buga ba saboda rauni. Ku riƙe wannan, zai dawo.

A watan Mayu 2002 tawagar ta sauka a Saipan, wani ƙaramin tsibiri a tekun Fasifik, don share fage. Kayan atisaye ba su iso da wuri ba, filin kuma ya bushe ƙamas. Keane ya ce zai koma gida, aka lallashe shi ya fasa. Sai ya zayyana ƙorafinsa ga jaridar Irish Times. Ranar 23 ga Mayu koci Mick McCarthy ya tara 'yan wasa, ya tuhume shi a gabansu, har ya zarge shi da ƙaryar rauni don kauce wa wasan Tehran. Keane ya surfa masa zagi, McCarthy ya sallame shi.

Ƙasa ta rabu biyu. Firaminista Bertie Ahern ya nuna a shirye yake ya shiga tsakani, amma Keane bai ba da haƙuri ba, ba a kuma kira shi ba. Ba tare da shi ba suka yi 1-1 da Kamaru, 1-1 da Jamus, suka ci Saudiyya 3-0, Sifen ta fitar da su a bugun fenareti a zagaye na biyu. A Nuwamba McCarthy ya ajiye aiki. A watan ne kuma rahoton Genesis, binciken da hukumar ƙwallon ƙasar ta sa aka yi, ya soki yadda ta tsara tafiyar, babban sakatarenta Brendan Menton ya sauka. Keane bai sake saka rigar ƙasarsa ba sai 2004.

Mu ma a shekarar mun ɗanɗana irin wannan. Bayan Najeriya ta ƙare ta uku a gasar Afirka ta Mali, dangantaka ta yi tsami tsakanin manyan 'yan wasa da mahukunta. Aka cire koci Shuaibu Amodu aka kawo Festus Onigbinde, aka ajiye kyaftin Sunday Oliseh da Finidi George da Tijjani Babangida ɗan Kaduna. Muka je gasar duniya, Ajantina da Suwidin suka doke mu, muka yi canjaras da Ingila, muka dawo da maki ɗaya.

To wa ke da gaskiya, direba ko malami? Kowannensu ya kama gefe ɗaya. Rahoton Genesis ya nuna ƙorafin Keane yana da tushe. Sai dai sauran 'yan wasan ma a wannan filin suka yi atisaye, kuma suka tsaya suka buga. McCarthy yana da hurumin ladabtar da ɗan wasa, amma tuhumar kyaftin da ƙarya a bainar jama'a ba ta bar ƙofar sulhu ba. Hukuma kuwa, wadda sakacinta ya kunna wutar, ita aka fi mantawa da ita idan ana gardamar.

Nan ne darasinmu. In za ka rubuta tarihin rikici, ko na ƙungiyar ƙwallon unguwarku ne a Kebbe, raba tambayoyi uku: me aka yi ƙorafi a kai, ta yaya aka faɗe shi, wa ke da alhakin gyarawa? Nemi abin da aka rubuta a lokacin, ka kwatanta da abin da kowa ya faɗa daga baya, domin mai ba da labarin kansa yakan wanke kansa. Kar ka yanke hukunci kafin ka gama jera abin da ya faru.

Aikin wannan makon: zaɓi rikici ɗaya da ka sani a garinku, ka rubuta shi da kalmomi 300 yadda kowane ɓangare zai karanta ya ce ba a zalunce shi ba. A sakaya sunaye. Allah Ya ƙara basira.