Bayan Lamba ta 118

Yuraniyom ɗin da ake haƙa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar tun 1971 shi ne na 92 a jadawalin sinadarai, wato furoton 92 ke cikin cibiyar ƙwayar zarrarsa. Daga kansa ma'adinan ƙasa suka tsaya. Abin da ya biyo baya ƙirar ɗan Adam ne, tun daga na 93 da aka samar a Berkeley ta Amurka a 1940.

Dabarar lissafi ce: a harba ƙaramar cibiya kan babba, idan suka manne sai a tara furotoninsu. Masanan Dubna ta Rasha, ƙarƙashin Yuri Oganessian, sun yi dace da harsashi, wato kalsiyam-48 mai furoton 20. Da shi suka samar da sinadarai biyar, na 114 zuwa na 118, aka kammala raɗa musu suna a 2016. Ba su kaɗai suka yi aikin ba: na 117 bai samu a 2010 ba sai da Amurka ta aika musu miligiram 22 na bakiliyam daga tukunyar nukiliyar Oak Ridge mai ƙarfin megawat 85. Tukunyar binciken Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya kilowat 30 ce kacal lokacin da aka kunna ta a 2004.

Daga nan hanya ta toshe. Kafin kalsiyam ya kai ga 119 sai an samu sinadari na 99 da za a harba shi a kai, alhali abin da ake iya tarawa daga cikinsa bai taka kara ya karya ba. Yaƙin Yukiren na 2022 kuma ya yanke zumuncin da ke tsakanin Dubna da Amurka.

Mafita ita ce sauya harsashi. A 2024 masanan Berkeley suka harba taitaniyam-50, mai furoton 22, kan fulutoniyam mai 94. Kwana 22 suna yi, suka samu ƙwayoyin zarra biyu na sinadari na 116. Biyu tak, amma sun isa hujja: in aka juya harsashin kan kalifoniyam mai 98, lissafi ya ba da 120. Japan kuwa 119 take nema da banadiyam.

Na 118 ba ya kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa yake tarwatsewa. Burin masana shi ne yankin da aka yi hasashensa tun shekarun 1960, inda ake zaton irin waɗannan cibiyoyi za su daɗe har a iya nazarin halayensu. Berkeley ta ƙiyasta cewa na 120 zai ci ninki goma na lokacin da na 116 ya ci.