Daga Ɗinki Zuwa Ɗakin Gwaji: 'Ya'ya Mata da Kimiyya a Ƙasar Katsina

Tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma tafiya ce kaɗan, kuma tun 2011 akwai Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma da ke koyar da fannonin kimiyya. To me ya sa har yau wasu 'yan mata a ƙaramar sakandare ke cewa "ai kimiyya ta maza ce"? Wannan magana tana da asali.

Kwalejin Katsina da Turawa suka buɗe a farkon shekarun 1920 ta maza ce zalla. Sai a 1930 aka buɗe makarantar 'yan mata a Katsina, da goyon bayan Sarki Muhammadu Dikko. Ban da karatu da rubutu, abin da aka fi ba ƙarfi shi ne ɗinki, tsafta, reno da kula da gida. Wato matar aure ake shiryawa, ba likita ko injiniya ba. Iyaye da malamai sun daɗe suna gadon wannan tunani.

Sauyi ya zo a hankali. A 1977 Jihar Kano ta buɗe sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, duka na maza, sannan ta 'yan mata ta biyo baya a Taura a 1981. Katsina ma ta samu irinta, kamar ta Ajiwa. Waɗannan makarantu sun nuna cewa idan yarinya ta samu malami da ɗakin gwaji, ba a barin ta a baya.

A shekarun 1980 aka shigo da tsarin 6-3-3-4, wanda ya raba sakandare gida biyu. A nan gizo ke saƙar. Da yarinya ta gama aji uku, sai a ce ta zaɓi ɓangare. Wadda ta bar fiziks da kemistiri tana 'yar shekara 14 ko 15, da wuya ta sake ganin ƙofar karatun likita ko injiniya. Sau tari ba gazawa ce ke sa ta kauce ba, wata kalma ce daga gida ko aji: "Lissafi zai ba ki wahala."

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma kayan koyarwar suna kusa. Ga Madatsar Zobe da aka kammala a 1983. Malami ya kai ɗalibansa mata, ya tambaye su me ya sa gindin madatsa ya fi samanta kauri. Da sun gano cewa nauyin ruwa ya fi dannawa a ƙasa, sun fara fiziks ke nan. Su ma ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, malaman gobe, su fara da irin wannan tambaya.

A gida kuwa, ranar da za a buɗe fitila mai sola don gyara, a kira Yaya, a kira ƙanwarsa ma, a miƙa mata sukundireba.