Daga Makera zuwa Wutar Lantarki: Tarihin Raba Ƙarfe da Tamarsa

Wanda ya bi tarihin ƙarafa zai ga cewa ɗan Adam bai same su a lokaci guda ba. Zinariya da azurfa da jan ƙarfe su ne suka fara zuwa hannunsa, sa'an nan kuza da dalma, daga baya baƙin ƙarfe. Alminiyon kuwa, wanda ya fi kowane ƙarfe yawa a ɓawon ƙasa, har ya kai kimanin kashi 8 cikin 100 na nauyinsa, ba a gan shi tsantsa ba sai a ƙarni na 19. Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana dalilin wannan jinkiri, da kuma yadda aka shawo kansa.

Dalilin yana cikin halin ƙarafan ne. Zinariya ba ta cika haɗuwa da wani sinadari ba, shi ya sa ake tsintarta tsantsa cikin yashin rafi. Baƙin ƙarfe kuwa a cikin tama yake, a ƙulle da iskar oksijin. Maƙeran ƙasar Hausa na dā, kamar takwarorinsu na sauran ƙasashe, sun san dabarar kwance wannan ƙulli: a haɗa tama da gawayi a yi ta zuga, gawayin ya fizge oksijin, ƙarfen ya saura. Amma akwai ƙarafan da riƙonsu ga oksijin ya fi ƙarfin gawayi a irin zafin da makera ke iya kaiwa. Waɗannan kome zugar da aka yi ba su fitowa.

Hanya ta buɗe a shekarar 1800, lokacin da wani masani Ba'italiye, Alessandro Volta, ya jera faifayen tutiya da na jan ƙarfe, ya raba tsakaninsu da kwali jiƙaƙƙe da ruwan gishiri. Wannan shi ne batir na farko, watau abin da ke ba da wutar lantarki mai gudana ba yankewa. A wannan shekara William Nicholson da Anthony Carlisle suka tsoma wayoyinsa biyu cikin ruwa a Landan, sai suka ga ruwan ya rabu gida biyu, iskar haidirojin a waya ɗaya, oksijin a ɗayar.

Humphry Davy na Royal Institution a Landan shi ne ya kai wannan bincike ga ƙarafa. Da fari ya narkar da sinadarin toka, irin wanda ake yin sabulu da shi, a cikin ruwa, ya sa masa lantarki, amma sai wutar ta bar sinadarin ta koma raba ruwan. Sai ya bar amfani da ruwa. A watan Oktoba na 1807 ya ɗauki curin sinadarin mai ɗan danshi kaɗan ya haɗa da babban batir, curin ya narke, sai ga ƙananan ƙwallaye masu ƙyalli suna fitowa a gefen waya ɗaya, wasunsu suna kamawa da wuta. Wannan ƙarfe shi ne fotasiyam. Bayan 'yan kwanaki ya fitar da sodiyam, ƙarfen da ke cikin gishiri da kanwa, a 1808 kuma ya ƙara da kalsiyam da magnesiyam. Idan aka jefa ɗan guntun fotasiyam cikin ruwa sai ya yi ta yawo a kansa yana ci da wuta. Lalle ƙarfe mai irin wannan zafin hali ba zai taɓa zama tsantsa cikin ƙasa ba.

Michael Faraday, wanda ya zama mataimakin Davy a 1813, shi ya shimfiɗa dokokin wannan aiki a 1833 da 1834. Ya nuna cewa nauyin ƙarfen da ke taruwa a jikin waya daidai yake da yawan lantarkin da ya ratsa. Bayanin da aka gane daga baya shi ne, a cikin narkakken sinadari ƙwayoyin ƙarfe suna ɗauke da caji, waya ɗaya tana jawo su ta mayar musu da ilektiron ɗin da suka rasa, su koma ƙarfe.

Duk da haka alminiyon bai ba da kai da wuri ba, domin garin alumina da ake tacewa daga tamarsa ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 2,000. A 1854 wani Bafaranshe, Henri Sainte-Claire Deville, ya fitar da shi ta hanyar amfani da sodiyam, amma tsadarsa ta sa aka baje sandunansa a bikin baje koli na Faris a 1855 tamkar kayan alfarma. A 1884 ma da shi aka yi wa hasumiyar tunawa da George Washington kan tsini a Amurka.

A 1886 wasu samari biyu da ba su san juna ba, Charles Martin Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, suka gano mafita iri ɗaya. Dukansu an haife su a 1863, kuma a 1914 suka rasu. Sun narkar da alumina cikin narkakken ma'adinin kirayolait, wanda zafin kimanin digiri 950 ya ishe shi, suka sa lantarki, alminiyon ya taru a ƙasan kasko. Farashinsa ya karye, kuma har yau da wannan hanya ake sarrafa shi.

Sai dai hanyar tana da sharaɗi mai nauyi. Kowane kilo guda na alminiyon yana cin lantarki kimanin kilowat-awa 14. Saboda haka ƙasa mai tama ba ta zama mai alminiyon sai ta mallaki wuta mai arha. Wannan lissafi yana cikin dalilan gina madatsar ruwa ta Akosombo a Gana, wadda aka kammala a 1965, masana'antar alminiyon ta Tema kuma ta fara aiki a 1967. Maƙerin da ke zuba tukwane a kasuwa yana narka tsohon alminiyon da gawayi cikin sauƙi, tun da digiri 660 ya ishe shi, amma aikin raba ƙarfen da oksijin lantarki ne ya riga ya yi masa shi a wata masana'anta.